Katin Matar Baba Hudu

Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya'ya mata biyu da ke makaranta, kuma ba su ci ba ba su sha ba a cikin abin da na aikata. A kamfanin da na yi aiki Akawu ake ce mini, to ku ma ku kira ni haka. Da ku matasa nake, musamman waɗanda aka fara ba wa makullin durowa a wurin aiki kuna jin kun zama mutane. Ku zauna ku ji yadda na yi da nawa makullin.

Ni ɗan Challawa ne, nan aka yanke mini cibiya. Mahaifina manomi ne, gonarsa ma yanzu wani kamfani ne zaune a kanta. Da ɗan abin da aka ba shi na diyya ya riƙe ni a makaranta har na gama sakandare na ƙara da 'yar difloma. A lokacin ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Da aikin ofis ya ƙi samuwa, sai na shiga wani kamfanin jima fata a matsayin leburan rana, irin waɗanda ake tarawa a bakin ƙofa da safe a zaɓi na zaɓa a kori saura. Wanda bai taɓa shiga inda ake jiƙa fata ba, ba zai gane ba. Warin yana bin mutum har cikin tuwonsa, ruwan sinadarin kuma yana cin hannu.

A nan na haɗu da Baba Hudu. Mutumin wani ƙauye ne a Jigawa, can wajen iyakar Nijar, ya fi shekara ashirin yana kan injin da ke kankare fata. Dogo ne siriri, magana ba ta dame shi ba. Ranar da ya ga tafin hannuna ya saluɓe, sai ya cire safar hannunsa ta roba ya miƙo mini ɗaya ya ce, "Yaro, raba za mu yi." Daga ranar kwano ɗaya muke ci. Shi ne ya je ya tsaya gaban manaja, hula a hannu, ya ce ga yaro mai takarda ana ɓata shi a ruwan fata. Haka na koma ofis, na samu kujera da fanka da durowa mai makulli.

Ina shekara ta biyu a ofis kamfani ya shigo da inshorar lafiya. Ga yadda abin yake: duk wata a yanki wani abu a albashin ma'aikaci, kamfani ya ɗora nasa, a miƙa wa wani kamfanin inshora. Shi kuma ya ba da kati, na ma'aikaci, na matarsa, da na 'ya'ya huɗu. In ciwo ya zo ka je asibitin da aka rubuta maka, ka nuna kati a duba ka. Amma fa na ma'aikatan dindindin ne kaɗai. Leburorin rana, waɗanda su suka fi yawa kuma su suka fi shan sinadari, ko oho.

An yi ta ƙorafi a wurin cin abinci. Wani ya ce ai caca ce, ka yi ta biya, in ba ka yi ciwo ba kuɗinka ya tafi ke nan. Wani ya ce kamar mutum ne yake kiran ciwo da bakinsa. Baba Hudu ya bari suka gama, sannan ya ce, "Ni gayya na ɗauke ta. Yau a taru a gonar wani, gobe a taka. Wanda ba a zo gonarsa ba bana, ai sai ya gode wa Allah." Ya ƙara da cewa, "Da daɗin rai nake biya. Akwai ranar da nake jira." Ban tambaye shi wace rana ba.

Katunan hannuna suke zuwa, ni nake rabawa. Yawancin ma'aikatanmu mutanen ƙauye ne, su shida su takwas a ɗaki ɗaya suke kwana, iyalansu na can gida. Sai mutum ya karɓi nasa katin ya bar mini na mata da yara ya ce, "Akawu, ajiye mini a wurinka. Matar tana ƙauye, me za ta yi da shi? In na kai ɗaki ɓera ne zai ci." Baba Hudu ma haka ya yi, ya bar mini katin matarsa Rakiya. Kowa a kamfanin ya san shekararsu goma sha biyar da aure babu ɗa a raye, ciki huɗu ta yi duk suna zubewa. Kowa ya sani, kuma babu mai tayar da zancen. Kafin shekara ta zagayo durowata ta cika da amanar mutane.

Wallahi ba da niyyar sata na fara ba, kuma wannan ne abin da nake so ku fi riƙewa. Wani leburan rana mai suna Garba ne ya shigo ofishina ya zube a ƙasa yana kuka. Zazzaɓi ya hau kan 'yarsa har tana fizge-fizge, asibiti sun ce sai ya ajiye abin da ya kusa ladansa na wata guda kafin a ba ta gado. Na dube shi, na dubi durowa. Na zaro katin wata yarinya sa'arta da ke can ƙauye lafiyarta ƙalau, na ce ya je asibitin kamfani ya ce sunanta Zainab. Yarinya ta warke. Garba ya kawo mini zabi biyu har gida. Ranar kwana na yi ina jin kaina wani waliyyi.

Bayan kwana uku wani ya kira ni a waya ya ce shi ne Isyaku, mai karɓar kati a kantar asibitin. Ya ce, "Akawu, yarinyar nan a kati Zainab ce, amma na ji uwarta tana kiranta Habi." Sai ya fashe da dariya ya ce, "Kwantar da hankalinka, mutumina. Ni ne mai duba hoto, in ban duba ba babu mai dubawa. Kai kana da kati, ni ina da kanta. Taimako ai ba ya hana cin goro."

To kun dai san yadda asibiti ya koma a shekarun nan. Maganin da ka saya yau, in ka koma bayan sati biyu ya canza farashi. Na ga wanda ya sayar da akuyar matarsa don ƙarin ruwa, na ga tela ya sayar da kekensa don a yi wa ɗansa aikin ƙaba. Mu kuwa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin asibiti muke karɓa, mu ba ka kati da sunan da za ka haddace, in an gama ka dawo da shi. Ba mu taɓa yin talla ba, ciwo ne yake yi mana. Daga Sharada ake zuwa, daga Bompai ake zuwa, har aka sa mini suna Likita. In zuciyata ta motsa sai in ce mata, wa na cuta? Kati yana kwance a durowa, kamfanin inshora kuma kuɗi gare shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Su wa suka ce a bar lebura babu kati?

Na sayi babur, na canza waya, na fara biyan fili a Hotoro. Matata ta ce, "Wai albashin ne aka ƙara?" Na ce, "Ke dai ki ci ki gode." Ban san lokacin da taimakon ya fita ya bar goron kaɗai ba. Na dai tuna ranar da Garban nan ya dawo, wannan karon matarsa ce ba lafiya, kuma babu ko sisi a aljihunsa. Na dube shi ido cikin ido na ce katuna sun ƙare. Ya tashi ya fita, ni kuma na ci gaba da shan lemona.

Sai ga wani mai shayi daga Sharada, Bala, ya zo da rana tsaka. Matarsa cikinta ya tsufa, likita ya ce ba za ta iya haihuwa da kanta ba, sai tiyata, kuma gobe. Kuɗin da aka yanka masa ya fi jarinsa gaba ɗaya har da tukunya. Ana neman katin matar aure wadda ta ɗan manyanta. Isyaku yana da doka guda: kati ɗaya ba ya haihuwa sau biyu a shekara. Na juye durowa, duk katunan matan sun riga sun haihu a bana. Saura ɗaya tak da ban taɓa taɓawa ba saboda kunya, na Rakiya matar Baba Hudu.

Kun san binciken da na yi? Sauka na yi wurin inji na same shi, na ɗaga murya saboda ƙara na ce, "Baba, yaya iyali?"

Ya ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi."

Na ce, "Babu dai wata damuwa a gida?"

Ya ce, "Sai alheri."

Shi ke nan, na koma na miƙa wa Bala kati. Ashe a ranar cikin Rakiya wata biyar ne. Dattijo irin Baba Hudu ba zai buɗe baki ya ce wa sa'an ɗan cikinsa matarsa tana da ciki ba. Balle su da suka rasa huɗu, ko maƙwabta ɓoye musu suka yi don gudun baki. Ni ma Bahaushe ne, na sani sarai ko gobara ake yi a gidan mutum in ka ce yaya iyali lafiya lau zai ce. Na yi tambayar da na san amsarta ne don in samu abin da zan gaya wa zuciyata.

Aka yi wa matar Bala aiki da sunan Rakiya. Jini ya ƙi tsayawa, dole likita ya cire mata mahaifa gaba ɗaya. Ta rayu, jaririnta ma ya rayu, kamfanin inshora ya biya. Isyaku ya ba ni labari a waya, ni kuma abin da na tambaye shi kawai shi ne yaushe za a dawo da kati. Aka dawo da shi na mayar durowa na kulle.

Bayan wata huɗu, wata Laraba gab da azahar, Baba Hudu ya shigo ofishina. Ba kayan aiki ne a jikinsa ba, leɓensa a bushe. Ya ce, "Akawu, ba ni katin iyali."

Na ce, "Lafiya dai, Baba?"

Ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi ya ce, "Ranar nan ce ta zo." Tun jiya Rakiya take naƙuda a ƙauye. A ɗan asibitin garinsu aka ce yaron a gicciye yake, sai birni. Ƙaninta ya ɗauko shatar mota ya kawo ta, suna can bakin asibitin kamfani.

Na buɗe durowa na ba shi. Na goya shi a babur ɗina, ina tafe ina cewa a raina Isyaku zai san dabarar da zai yi. Isyaku ya karɓi kati, ya karanta sunan, ya ɗago ya dube ni. Sai ya ce bari ya je ya yi salla. Ya fita ta baya ya kashe wayarsa, ban sake ganinsa ba sai a kotu.

Wata mata ce ta zauna a kantar. Likita ya duba Rakiya ya fito ya ce tiyata za a yi yanzu yanzu. To babban aiki irin wannan, sai asibiti ya kira kamfanin inshora ya karɓi lambar izini, in ba haka ba ba za a biya su ba. Matar ta kira, ta karanta lambar kati, ta saurara. Da ta ajiye waya sai ta dubi Baba Hudu daga sama har ƙasa ta ce, "Malam, wannan matar da ka kawo, wace ce?"

Ya ce, "Iyalina ce."

Ta ce, "Haba Malam, da girmanka? Ka ji tsoron Allah mana. Mai wannan katin wata huɗu da suka wuce aka yi mata tiyata a nan, aka cire mata mahaifa. Macen da ba ta da mahaifa ta ina za ta yi naƙuda?"

A gaban jama'a ta faɗa, kowa ya juyo yana kallonsa. Baba Hudu bai gane komai ba. Ya juyo wurina ya ce, "Akawu, kai ka yi boko, yi musu bayani. Ita fa ba ta taɓa zuwa Kano ba."

Hanya biyu ce a gabana, kuma duk na gan su ƙarara. Ko in buɗe baki in ce ni na ba wata katin, ko in biya kuɗin aikin. Kuɗin suna nan a asusuna, cikon kuɗin fili ne da nake tarawa, sun ma fi abin da asibiti yake nema. Minti biyu ya isa in tura ta waya. Amma in na biya, gobe za a ce akawu mai ɗan albashi ina ya samu wannan? Daga wannan tambayar kuma sai durowa. Sai na ce, "Baba, kuskuren kwamfuta ne. Ku kwantar da hankalinku, yanzu za a gyara."

Na kara waya a kunne ina kai da kawo a baranda, ina magana da Turanci, alhali babu kowa a layin. Ƙanin Rakiya ya ce mu ɗauke ta mu tafi asibitin gwamnati. Na ce a'a, can layi ne, kuma can ma sai an sayi kayan aiki, ga shi nan an kusa gyarawa. Gaskiyar magana Isyaku nake jira ya dawo ya rufa mini asiri. Likitan yaro ne, ya fito sau biyu yana duba agogo. Ya ce shi ma ma'aikaci ne, dokar mai asibiti ce ba a shiga ɗakin tiyata sai da lambar izini ko a ajiye ko da rabin kuɗi. Ya sa wa Rakiya ƙarin ruwa, iyakar abin da ya ce zai iya ke nan. Daga inda nake tsaye ina jin nishinta ta ƙofa. Aka yi azahar, aka yi la'asar, ina cewa saura kaɗan. Can nishin ya fara raguwa.

Bayan la'asar Baba Hudu ya daina saurarena. Ya ce in mayar da shi kamfani. Lokacin 'yan aikin safe suna fitowa, 'yan yamma suna shiga. Mutumin da shekara ashirin ba a taɓa jin ya roƙi ko goro ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hularsa ya juya ta. Abin da ya ɓoye wata tara ya faɗe shi da ƙarfi kowa yana ji: "Jama'a, iyalina ce take naƙuda, an ce sai da kuɗi. A taimaka don Allah."

Kaico! Leburorin rana, waɗanda ba su da kati ba su da komai, su suka fara. Garba ya juye ladansa na ranar gaba ɗaya a hular. Matan da ke sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofa suka kwance bakin zani. Hula tana zagayawa har ta zo gabana. Na leƙa na ga abin da mutane suke sakawa, sai na zaro naira dubu ɗaya na saka, daidai da na kowa, don kada in fita daban. Baba Hudu ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Tun rana kake wahala da mu."

Dab da magariba aka haɗa rabin kuɗin, aka shiga da ita. Namiji ne, cikakken yaro, amma babu rai. Mahaifar ta riga ta fashe, sai da aka cire ta kafin a ceci uwar. Likita ya ce da an shiga tun azahar da duk biyun an samu. Ƙaryar da aka rubuta a fayil ɗin Rakiya wata huɗu baya, a ranar ta zama gaskiya.

Da safe muka kai shi maƙabarta. Ba a yi masa salla ba, don bai yi kuka ba. Baba Hudu ne ya rungumo shi a ƙirji cikin farin ƙyalle, ya ƙi ba kowa. Shi ne ɗansa na farko da ya taɓa gani da hannu da ƙafa da gashin kai. Ni na riƙe shebur, kuma har aka gama ban ce komai ba.

Ba a nan na tsaya ba, ku ji da kyau. Kamfanin inshora ya rubuto cewa ana zargin Baba Hudu da sayar da katin matarsa. Manaja ya ce a dakatar da shi har a gama bincike. Ni na buga takardar dakatarwar, ni na kai aka sa hannu, ni na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Ba laifinka ba ne, aikinka ne."

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Masu bincike suka ɗauko fayil ɗin tiyatar farko, suka ga lambar wayar mijin da ya sa hannu. Suka kira, Bala mai shayi ya ɗauka. Bai ɓoye komai ba, don shi a ganinsa taimakonsa aka yi. 'Yan sanda suka zo ofis da safe, suka ce in buɗe durowa da hannuna. Aka fito da ni ta ƙofar da Baba Hudu ya tsaya da hula, ma'aikata sun yi cirko-cirko suna kallo. Alƙali ya ba ni shekara huɗu, Isyaku ma haka. Fili ya tafi, babur ya tafi, matata ta kwashe yara ta koma gidansu.

Ina ciki labari ya iske ni cewa kamfanin inshora ya ƙara kuɗi, ya ce ma'aikatanmu sun cika ciwo da haihuwa. Kamfaninmu ya ce ba zai iya ba, sai aka cire mata da yara daga tsarin, aka bar ma'aikaci shi kaɗai. Ashe kuɗin da nake cewa na masu kuɗi ne, na su Baba Hudu ne, wanda ake yanka a albashinsu duk wata. Gayyar da ya faɗa, ni na shiga na cinye hatsin, gidaje da yawa suka koma sayar da akuya.

Gidan yari ba sai na ba ku dogon labari ba. Ƙazuwa ta ci jikina, zazzaɓin taifot ya kwantar da ni sati uku. A can ko ƙwayar ciwon kai sai in naka sun kawo maka, ni kuma babu mai zuwa sai tsohuwata, ita ma in ta samu na mota. Na kwanta a ƙasa ina kiran gandiroba yana ce mini saura kaɗan, yanzu za a zo. A nan na san abin da kalmar take nufi ga wanda yake kwance. Wani malami da muke ɗaki ɗaya ya ce mini, "Haƙƙin Allah tuba yana wanke shi. Haƙƙin mutum kuwa sai mai shi."

Da aka sake ni, ko sati ban yi ba na nemi kuɗin mota na tafi Jigawa. An wanke Baba Hudu daga zargi, amma bai koma kamfani ba, noma yake yi. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa. Ya daɗe yana kallona sannan ya ce, "Akawu, ka rame."

Na faɗa masa komai, har da abin da kotu ba ta tambaya ba: wayar da babu kowa a layi, da kuɗin da ke asusuna a ranar. Bai daina sassaƙa ba har na gama. Sannan ya ce, "Kati takarda ce. Wata ta rayu da shi, ita da ɗanta, wannan ban riƙe ka ba. Amma ka tuna hulata?"

Na ce, "Na tuna, Baba."

Ya ce, "Albarka na sa maka a ranar. Har a sujada na sa ka. Ita ce take ci mini rai." Ya share ido da hannun riga ya ce, "Nawa na yafe, don ina so Allah ya yafe mini. Amma ba ni aka yanka ba. Jira ni."

Ya shiga cikin gida. Na daɗe a durƙushe har ƙafata ta mutu. Can ya fito da kwanon ruwa ya ajiye a gabana ya ce, "Ta ce ka sha ruwa, kai baƙo ne. Sauran maganar kuma ta ce a bar ta sai ranar da za ku haɗu da yaron."

Yanzu kayan miya nake sayarwa a baro a Sharada. Matata ta dawo, Allah ya saka mata. Na tuba, kuma ina kan tuba. Amma in lokacin canjin aiki ya yi na ga ma'aikata suna fitowa, nakan juya baro in bi wata hanya.

Ku matasa, asibiti ya yi tsada, gaskiya ne. Talaka yana mutuwa a bakin kanta, wannan ma gaskiya ne, na gani da idona. Amma kada shaiɗan ya zo muku ta wannan ƙofar, don ni ta nan ya shigo, da rigar tausayi da zabi biyu. In za ka taimaki mara lafiya, taimake shi da abin aljihunka, ko ka cire hula ka tsaya tare da shi a bakin ƙofa. Abin da aka ba ka ajiya ba naka ba ne ko da ya shekara goma a durowa babu mai tambaya. Mai shi yana da ranar da yake jira, kuma ba lallai ya gaya maka ba. In kuma ka riga ka yi ɓarnar, to ka faɗa tun da azahar. Kunyar da na guda ta zo ta same ni duk da haka, ɗaurin da na guda na yi shi cif. Abin da ya tafi tsakanin azahar da magaribar nan ne kaɗai bai dawo ba.

Na sha ruwan Rakiya na taso. Ina nan ina jiran ranar da ta faɗa, kuma har yau ban san abin da zan ce wa yaron ba.